Dashen da Bai Iso Madarunfa Ba

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isuhu, wanda ƴan unguwarmu suka laƙaba wa "likitan ɓera". Allah ya jiƙan shi, shi ma dariya yake yi in an kira shi haka.

Karatu ya kai shi Faransa, can ya yi aiki a ɗakin bincike. Ya taɓa yi mana bayani a gonar Baba ta bakin tafki. Wai sukan lalata wani gefe na ƙwaƙwalwar ɓera, inda ake samun sinadarin dopamin mai daidaita motsi, sai ɓeran ya riƙa juyawa gefe guda. Daga nan su ɗebo ƙwayoyi daga ƙwaƙwalwar tayin ɓera su dasa mishi, su zuba ido su ga ko wuraren da ke karɓar sinadarin za su dawo daidai.

A lokacin hannun Baba ya soma karkarwa, har in ya ɗauki irin tumatir sai ya karye kafin ya kai rami. Duk bayanin nan, kalma ɗaya ya riƙe: dashe. Ai sana'arshi ce.

"Isuhu, yana kamawa?"

"Wani yana kamawa, Baba."

"To, a dasa mini mana."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Tukuna, Baba."

Baba ya ɗauka lokaci ake jira, kamar yadda yake jiran sanyi ya shigo kafin ya yi dashe. Duk shekara in ya ga maƙwabta sun tada fangalin shuka a lambu sai ya ce in tambayi yaya ko lokacin ya yi. Wallahi ban taɓa iya gaya mishi gaskiya ba, cewa aikin yaya a kan ɓera ya tsaya. Har ya koma ga Allah yana jira. Bayan shekara huɗu yaya ya bi shi.

Da yaya yana raye, ban san me zai ce ba yau. Na ji wai can an gwada wa mutane, wasu sun samu sauƙi, wasu babu. Mu nan, ƙwayar maganin karkarwar ma sai an je Maradi, wani sa'in a dawo hannu banza.

Abin da ya rage mini nashi, littattafan da ba na iya karantawa ne, da kalmar nan guda: tukuna. Bara hannuna na dama ya soma irin ta Baba. Likita ya duba ni, na tambaye shi zancen dashe, ya soma juya alƙalami yana neman ta inda zai fara. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na ce mishi ya bari kawai, yayana ya riga ya ba mu amsa.