Sabon Majanyi a Kafaɗa

A mahaɗar Indénié ta Abidjan, inda masu gbaka, ƙananan bas na haya, suke kiran fasinja kamar ana faɗa, wata matashiya tana tsaye da jariri rungume a ƙirji. Majanyinta sabo fil yana rataye a kafaɗa, ko karin guga bai saki ba. Duk motar da ta tsaya sai ta matsa, ta leƙa cunkoson ciki, ta dubi yaron, ta ja da baya.

Ba hanya take kallo ba, bakinsa take kallo. Da ya motsa sai ta hau jijjiga shi tun bai fara kuka ba.

Wata dattijuwa mai sayar da lemo kusa da ni ta kasa haƙuri. "'Yar nan, ki goya shi mana. Ku 'yan Abidjan, goyon ma sai an koya muku?"

"Inna, zuciyarsa ce da huji," in ji matashiyar, Hausarta da karin Faransanci. "In ya yi kuka leɓensa shuɗi yake yi. Treichville za mu, wurin likita. In na goya shi, wa zai duba min bakinsa?"

Dattijuwar ta sunkuya tana gyara lemon da yake a jere.

Ina zato ko a gida haka take, tukunya ma da hannu ɗaya take ɗorawa. Wata gbakar ta cika ta tafi, ita tana nan. Majanyin nan, ina jin wata ce ta saya mata shi da murna tun tana da ciki.