Fuskar Makiyayin Gugaram

A shekarun da tawaye ya sake tashi a arewa, ina da ɗan shagon hoto a bakin kasuwar Arlit. Daga Tahoua na zo tun ina saurayi, na yi leburanci a kamfanin haƙar ma'adinai na Akokan, da aka rage ma'aikata sai na kama hoto. Da fim ya daina zuwa, na sayi kyamarar zamani da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ciki, kullum tana kukan ta cika.

Maƙwabcina wani Badamagare ne da kamfanin ya sallama, ya buɗe shagon gyaran injuna. Shi ya sa mini manhajar matse hoto. Na tambaye shi nawa zan biya.

"Kai Ba'adare, komai sai ka ji farashi," in ji shi. "Kyauta ne. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar wa duniya. Tana duba hoto, ta zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba. Amma abin da ta zubar ya tafi ke nan. Ka riƙa ajiye na asali."

Na ce to.

A cikin farin da ya biyo baya wani Ba'abzine daga Gugaram ya shigo shagona. Dabbobinsa sun ƙare sai 'yan raƙuma, ga sojoji suna tambayar katin ɗan ƙasa a kowane shinge. Na gaya masa hoton kati ba ya karɓuwa sai fuska a buɗe. Ya daɗe a tsaye. A wurinsu namiji ba ya sauke amawali a gaban mutane, ko abinci ta ƙarƙashinsa yake ci. Daga baya ya ce in fitar da masu zaman hira, in rufe ƙofa. Ya ja amawalin ƙasa da yatsa biyu, na danna kyamara, ya mayar. Ban ma kalle shi sosai ba, hankalina yana kan haske.

A lokacin hanya ta lalace da nakiyoyi, motocin kaya ba sa zuwa sai da rakiyar soja, babu inda zan samu wani ma'ajin hotuna na kwamfuta. Duk sanda kwamfutar ta cika, sai in kai ma'aunin manhajar can ƙasa, in matse tsoffin hotuna, in goge na asali. Wasu na matse su, na sake matsewa. A ƙanana a kan allo lafiya lau suke, ban taɓa buɗe ko ɗaya da girma na duba ba.

Bayan an yi sulhu da wasu shekaru, wata mata ta zo da 'yarta budurwa. Hausarta irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Mai hoto, yarinya yana so ya ga babansa."

Ta ce mijinta ya hau mota zai koma duba raƙuma, motar ta taka nakiya ya rasu, katin ma bai dawo ba. Yarinyar tana ƙarama lokacin, idanunsa kawai take tunawa. Kafin ya tafi ya gaya wa matar, yana dariya yana jin kunya, cewa wani Bahaushe a bakin kasuwa ya sa shi ya buɗe fuska.

Muka yi ta wuce hotuna har ta ɗora yatsa a kan allo. Na buɗe shi da girma. Goshi da idanu suna nan, ana iya gane su. Daga hanci zuwa haɓa kuwa sai murabba'ai masu launin ƙasa, kamar saƙar tabarma. Na yi sauri na rage shi kafin su gani, na ce su dawo jibi.

Na kira Badamagaren. Ya duba, ya girgiza kai.

"Ina na asalin?"

Na ce masa na goge.

"To babu abin da zan yi maka, Malam. Ba ɓoye shi manhajar ta yi ba, zubarwa ta yi."

Da ya fita, na nemo hoton wani mai gadi da ya yi kama da shi a launi da tsawon fuska. Na yanko bakinsa da haɓarsa, na ɗora, na shafe gefe-gefen har ɗinkin ya ɓace. Na gaya wa kaina taimako nake yi. Hoton ya fito tsaf.

Ran jibin yarinyar ta karɓi hoton da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ashe haka yake," ta fara murmushi, hawaye na zuba. Uwar ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa tafin hannu ta rufe rabin ƙasa, ta duba, ta ɗauke hannun.

"Mai hoto, wannan bakin na wane ne?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na kunna kwamfutar, na nuna musu abin da ya rage, na gaya musu yadda aka yi. Ba ta zage ni ba. Ta yi wa 'yarta magana da yarensu na Tamajak a hankali. Yarinyar ta daina murmushi, amma ba ta so ta saki wancan hoton ba, sai da uwar ta zare shi daga hannunta ta kife a kan teburina.

"Fitar mana da wanda ya lalace," in ji ta. "Shi ne namu."

Na fitar da shi a takarda mafi kyau da nake da ita. Yarinyar ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta karkata shi, ko wani abu zai fito. Ta tambayi uwarta yadda bakin yake, uwar ta fara kwatanta mata da yatsa a kan nata leɓen. Suka fita tana kwatantawa.