Garin da Malam Zubair Ya Ba da Aro

A Greensboro, in Bahaushe yana neman tsani ba ya tunanin kanti, gidan Malam Zubair yake nufa. Haka in injin yankan ciyawa ne, ko tukunyar suna, ko 'yar akori-kurar da za a kwashe katifa. Shekara goma sha tara ke nan da ya baro Funtuwa, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa jin ya ce a'a. Jama'a na cewa kirki ne. Matarsa Rahina kuwa cewa take yi tun asali ba a koya masa kalmar ba.

Aikinsa tuƙin motar ɗaga kaya a wani katafaren sito da ke bayan titin Wendover, gidansa kuma yana McLeansville, can inda gidaje ke nesa da juna. Mutum ne marar zama. In ya zauna ƙafa na rawa, in ya tashi makullai na kacau-kacau a aljihu. Abu ɗaya ne ke daskarar da shi a kujera, wani wasan kwamfuta na gina gari. Ba irin na harbe-harben nan ba ne. A wannan, fili ake ba ka a bakin kogi, ka share gona, ka haƙa magudana, ka gina rumbu da ganuwa, ka lallaɓa maƙwabta. Kowane danni ɗaya damina ce ko rani. Wani ƙaramin kamfani ne na mutum huɗu ko biyar ke yin sa, kuma masu buga shi a duniya kaf da ƙyar su cika masallacin Juma'a ɗaya.

A da, a kwali wasan ke zuwa. Kwali mai nauyi, da faifai a ciki, da littafin bayani mai kauri, da taswira mai ninki takwas. Zubair kan shinshina shi kafin ya buɗe. Guda shida ya jera a kanta a falo, kuma su ma, kamar komai na gidan, sun sha yawon aro. Ɗaya ya dawo da tabon manja, ɗaya ya dawo babu taswira, wai an shimfiɗa ta a aljihun tebur. Bai taɓa damuwa ba. Wanda ya ari faifai a kwamfutarsa yake gina nasa garin, na Zubair kuma yana nan a gida ba wanda ya taɓa.

Sai kamfanin ya aiko da sanarwa cewa sun daina kwali. Buga shi da aika shi ga mutane ƙalilan a ƙasa arba'in na neman durƙusar da su. Sabon wasan sai dai a sauke ta intanet, kuma garin mutum a wajensu zai zauna, duk inda ka shiga da sunanka da lambar sirrinka za ka tarar da shi yadda ka bar shi. Zubair ya yi sati guda yana ƙorafi, yana cewa ta yaya mutum zai sayi abin da ba zai riƙe a hannu ba. Daga baya ya gano yana iya leƙa garinsa a lokacin hutun cin abinci a sito, sai ƙorafin ya mutu.

Shekara uku ya yi yana gina Sabuwar Funtuwa. Rumbu goma sha ɗaya, duk cike. Ganuwa mai ƙofa huɗu. Kuma wasan yana da doka ɗaya mai zafi, ba a komawa baya. Abin da aka danna ya dannu. In yunwa ta watsa mutanen gari, an gama, sai a share sunan garin gaba ɗaya.

Ranar wata Lahadi yayan Rahina, Alhaji Abdurrahim, ya zo daga Summerfield. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba Zubair aurenta, don haka Zubair ko ido ba ya iya haɗawa da shi sosai. An yi wa Alhaji aikin gwiwa, likita ya hana shi fita aiki, zaman gida ya ishe shi. Ya dogara sanda ya tsaya bayan kujera yana kallon 'yan mutane na kai da kawowa a allo.

"Zubairu, wannan abin ai zai rage wa mutum zaman banza. Ara mini shi kwana biyu."

"Alhaji, wannan ɗin… ba a cika ba da aronsa ba."

"To ɗauko mini kwalin kawai, yara za su saka mini."

"Ai ba shi da kwali, Alhaji."

Alhaji ya juya a hankali ya dubi kanta. Kwalaye shida suna jere, da hoton gari iri ɗaya a bayansu. Ya sake duban Zubair. Zubair ya ji maganarsa ta koma masa kunne, shi kansa ya ji ta yi kama da ƙarya. Gumi ya keto masa. Ya jawo wata tsohuwar ambulan, ya rubuta sunansa da lambar sirrin a bayanta, ya miƙa da hannu biyu.

A ransa ya ɗauka Alhaji zai share nasa filin ne, kamar yadda masu aron faifai ke yi. Bai tuna cewa in an buɗe wasan akwai wani ƙaton maɓalli a tsakiya mai cewa a ci gaba ba, kuma Alhaji mutum ne da ke danna abin da ya fi girma.

Ranar Talata, a hutun rana, Zubair ya buɗe kwamfuta a kan wani kwalin firji, cokali a hannu. Cokalin bai kai baki ba. Shekara biyu ta wuce a Sabuwar Funtuwa ba da saninsa ba. Rumbu huɗu sun zama fanko, an raba hatsin ga jama'a kyauta, 'yan mutanen suna ta rawa a kasuwa.

Laraba, an buɗe ƙofofin ganuwa duka huɗun. Alhamis, dakarun garin sun fita sun auka wa wani maƙwabci da Zubair ya shekara yana aika wa kyautar gishiri, an kuma kora su gida da gudu. Wannan bai yi kama da halin Alhaji ba, amma Zubair ya ce ƙila ciwon gwiwa ne ke sa shi fushi. Juma'a ya tarar an canza wa babbar kasuwa suna zuwa na Faransanci, Grand Marché.

A satin nan Zubair bai zauna ba. A sito ya kai kayan layi na tara zuwa layi na sha tara. Ya tsaya a jan fitila har ta yi kore ta sake yin ja. A gida sai ya fita ya zaga bayan gida, ya dawo ya buɗe firji, ya rufe, ya leƙa allo, ya ce innalillahi, ya sake fita.

"Baban Salwa, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Rahina.

"Rumbu uku suka rage, Rahina. Uku! Ga rani na tafe."

"To ka gaya masa."

"Yayanki ne fa."

"To ni in gaya masa?"

"A'a! Ya ce na tura mace ta karɓo mini kaya?"

"Wane kaya? Ni ban ga abin da ya fita daga gidan nan ba."

Nan ne abin ya fi ci masa rai. Da kwali ne, da ya ce yana so ya duba wani abu a littafin, ya je ya ɗauko, kowa ya tsira da mutuncinsa. To wannan me zai je ya ɗauko? Ya rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa, har da bayanin wane ne Alhaji a wajensa. Suka amsa cikin ladabi da layi biyu, cewa asusun na mutum ɗaya ne, ya canza lambar sirri. Ya karanta ya yi tsaki. Mutanen nan ba su da surukai.

Ranar Asabar da safe ya lissafa, in aka ƙara danni uku a haka garin ya tafi. Ya sa hula ya kama hanyar Summerfield, ya wuce gidaje masu faɗin fili da dawakai a cikin shinge, yana ta bitar abin da zai faɗa. Ya tarar da Alhaji a falo, ƙafa a kan matashi, kwamfuta a cinya. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka kawo masa waina da miya. Ya ci. Aka kawo shayi. Ya sha. Sau biyu yana buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya dai ƙafar?"

"Ka tambaya ɗazu," in ji Alhaji. "Kai, Zubairu, garin nan naka na same shi cikin ƙunci. Hatsi a kulle, talakawa na kallo. Haba! Na ɗan sassauta musu."

"Allah ya saka, Alhaji. Amma… yaƙin fa?"

"Au, wannan ba ni ba ne. Kader ne."

"Wane Kader?"

"Ɗan Maraɗin nan mai gyara mini mota. Ya zo dubiya ya gan ni ina yi, ya nema. Na ce ai kayan Zubairu ba a hana kowa. Shi ma ya ce ya ba ƙanensa Rabiou a Yamai, wai yana da kai sosai."

Zubair ya ajiye kofin. Ƙafarsa da ke rawa tun shigowarsa ta tsaya cak.

"Alhaji, ina so a dawo mini da garina."

"Ai ba a ɗauke shi ba. Yana nan inda yake."

"Zan canza lambar ne. Daga yau ba wanda zai ƙara shiga."

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya yi magana, ba fushi a muryarsa, damuwa ce.

"To Kader fa? Ni na ba shi da hannuna. Da wane baki zan ce masa ya daina?"

Sai a lokacin Zubair ya gane ciwonsu ɗaya.

"Ka ce ni na hana."

"Kai?"

"Ni, Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe kwamfutar a hankali. "To, shi ke nan. Amma ka riƙa ba mutanen nan abinci, ka ji tsoron Allah."

Bai bari ya isa gida ba. A bakin shingen wasu dawakai ya tsayar da mota, ya canza lambar. Bai kai babban titi ba wayarsa ta ɗauki ƙara.

"Salamu alaikum, Malam, Kader ne. Abin nan ya ƙi buɗewa, ko réseau ne, intanet ɗin?"

"Ba réseau ba ne. Ni na kulle."

"Ah bon. To sai yaushe?"

"Ba na ba da aronsa."

"Malam Zubair ne kuwa?"

"Shi ne."

"Lafiya dai ko? Ba abin da ya faru a gida?"

"Lafiya lau, Kader. A gaida iyali."

Ya isa gida ya wuce Rahina a ƙofa ko hula bai cire ba. Ya rufe ƙofofin ganuwa, ya aika wa maƙwabcin nan da ban haƙuri, ya auna abin da ya rage a rumbu uku ya kasa shi tsawon rani. Sannan ya miƙe, ya zaga falo sau biyu, ya dawo ya danna a tsaye.

Ranin ya ci rabin garin. Unguwar masunta ta watse, masaƙa ta rufe. Amma da ruwan farko ya sauka akwai sauran mutane a bakin kogi, suna fita gona ɗaya bayan ɗaya. Zubair ya jawo kujera da ƙafa ya zauna, ya fara neman inda zai sa iri.