Kujerar da Inna Ta Ƙi Hawa

Jiya a gidan suna a Minanata, na yunƙura zan tashi daga tabarma, sai da na dafa bango. Gwiwata ta yi ƙara. Nan take marigayiya kakata, Inna, ta faɗo mini a rai.

Inna ta haura tamanin, amma ba a miƙa mata hannu. Kowace safiya a tsakar gidanmu na Ƙofar Marke, in ta gama shara, sai ta zauna a ƙasa ta tashi, ta zauna ta tashi, tana salati, ƙafafunta na ƙamshin man kaɗe. Mu jikoki mu yi ta dariya.

Da kawuna ya kawo mata kujerar roba don ta riƙa salla a zaune, ta sa masa albarka, ta ɗora ƙwaryar gero a kai. Na tambaye ta dalili.

"Ɗiyata, gwiwa wagga mantuwa gare ta," in ji ta. "In na bar ta ta huta, ba ta ƙara kai goshina ƙasa. Taho mu tashi tare."

Sau uku na yi na gudu. Ita kuwa har la'asar ɗinta ta ƙarshe a tsaye ta yi ta.

Yau da safe na shimfiɗa tabarma, na zauna na tashi sau bakwai, ina haki. Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya bar mini sujadata kamar yadda Ya bar miki taki.