Neman Kanya Mai Bauri, daga Damba zuwa Tsafe da Bungudu

Ana sallame sallar asuba na bar gida a Damba, unguwarmu a gefen Gusau. Kwana tara ke nan mahaifiyata, Inna, ba ta cin abinci tun da zazzaɓi ya sake ta, kuma likita ya ce in ta ƙara kwana biyu a haka sai an mayar da ita gadon asibiti. Ita kuwa cewa take bakinta ya mutu, komai lami take ji. Na kawo lemon tsami, na kawo tsamiya, ta kau da kai.

"Ba tsami nika so ba, Sani. Kanya za ka samo mini, mai bauri."

Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, a ranar na gane ban san bambancin tsami da bauri ba.

Tsafe

Motar ba ta tashi ba sai bakwai da kwata, don direba ya ce ba ya hawa hanyar nan sai ya ga motoci sun fara isowa daga can. Tafiyar kusan kilomita hamsin ce, muka wuce shingen sojoji huɗu, muka sauka takwas da rabi.

A bakin kasuwa na iske wata dattijuwa, Hajiya Ige, da fayafayan kayan marmari. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta mayar da ni ɗalibi. Ta ba ni tsamiya na tsotsa.

"Mi ka ji?"

"Miyau ya cika mini baki."

"Wannan shi ne tsami." Ta miƙo aduwa. Zaƙi ya fara zuwa, ɗaci ya biyo shi a baya. "Wanga ɗaci ne. Gwazar da ba ta dahu ba, wadda ka kartar maƙogwaro, maƙaƙi gare ta. Bauri kau shanye miyau shika yi, harshe ya kama dasashi."

Na ji daɗin karatun ƙwarai, amma ban yi aiki da shi ba. Na tsuguna ina zaɓen kanya mafi nuna, masu laushi, don a ganina mara lafiya sai abu mai kyau. Hajiya Ige tana kallona tana murmushi, ta auna mini kwano guda.

Gusau

Sha biyu da rabi ina gida. Inna ta ɓare guda ɗaya, ta tauna, ta furzar.

"Alewar yara ka kwaso mini. Wa zai kai ɗanyar kanya kasuwa? Tahi Bungudu wurin kawunka."

Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi ta, don na tuna maganar likita.

Bungudu

Bayan azahar na shiga ƙaramar bas ta hanyar Sakkwato, kilomita ashirin da 'yan kai, shinge ɗaya. Kawu Mamman, ƙanen Inna, ya yi mini dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauki doguwar gora muka nufi gonarsu ta gado a bayan gari. Daga wani tsohon itacen kanya ya kakkaɓo 'ya'yan da suka fara sauya launi amma ba su yi laushi ba.

"Ciza, Malam."

Na ciza. Bakina ya bushe ƙaf, harshe ya yi kauri, leɓe ya tattare kamar bakin zabira.

"To, sha ruwa."

Na kurɓa daga butarsa. Wallahi ruwan rijiya ne zalla, amma sai na ji shi da zaƙi.

"Haka tsohuwarmu ka yi muna in ciwo ya kashe baki," in ji shi. Ya dafa itacen. "Ka ce mata iccen na nan."

Damba

Na iso biyar da minti arba'in. Inna ta juya kanyar a tafin hannu, ta ciza, ta runtse ido, fuskarta duk ta yamutse. Na miƙa mata ruwa kafin ta nema. Ta sha, ta daɗe tana kallona.

"Mamman ya gaya maka ke nan."

"Ya ce iccen na nan."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga murya ta kira matata.

"Hadiza, kunun nan da kinka dama ɗazu, akwai saura?"

Ta shanye kofi guda, ta nemi ƙari. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu, da Hajiya Ige, wadda ta koya mini daidai, ni kuma na saya ba daidai ba.