Abin da ke cin tukwanena a Wagini

Mun tashi daga Katsina da asuba, ana idar da salla muka nufi tasha, ni da wani injiniya mai binciken ƙarafa. Ni maƙerin tukwanen dalma ne, wadda shi yake kira alminiyam. Ina narka gwangwani da tsohon fistan da kan inji, in zuba a ƙasar zubi, tukunya ta fito. Sana'ar da na tsira da ita ke nan daga Ruma, lokacin da aka ƙone mana unguwa.

Dalilin tafiyar ba mai daɗi ba ne. Dillalin da ke kai mini kaya ƙauyukan Batsari ya daina ɗauka. Ya ce matan Wagini sun ce tukunyata jabu ce, tana yin farin gari kamar an barbaɗa mata gishiri, ta yi ramuka, ta huje. Idan maganar ta kai sauran kasuwanni, maƙerata ta rufe. Na yanki gefen wata tukunya na kai wa injiniyan nan. Ya sa a na'urarsa, ya ce haɗina ba shi da laifi, sai dai a je a ga inda tukunyar take zaune. Na ce mu je.

Motar Batsari ta cika har bayan but. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo a gefen titi, amma ba wanda ya yaba. Kowa ya san abin da dogon gero ke ɓoyewa. Shingen jami'an tsaro kuwa, kafin ka mayar da hularka daidai kun iso wani. A Batsari muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Daga nan sai babur. Ɗan acaɓa yana jin sunan Wagini ya ƙara kuɗi, wai man fetur ya yi tsada. Na san ba fetur yake sayar mana ba. Na biya.

Hanya laka ce da kwazazzabai. Injiniya ya rungume jakarsa kamar jariri, ya sauka ya tura babur, takalminsa na ofis ya zama na noma. Bai yi ƙorafi ba. Na riƙe masa wannan.

A Wagini aka kai mu wurin Inna Rabi, dattijuwar da ke sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwa. Ita ce ta fara maganar jabun. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da iyali da ruwan sama. Da ta gama sai ta ce, "To kai ne maƙerin rariya?"

Matan da ke wurin suka fashe da dariya. Na ce, "Ni ne, Inna. A fito mini da rariyar in gani."

Aka fito da tukwane. Nawa ne, na gane tambarina a kunnensu. Raina ya ɓaci. Gindinsu duk ramuka, farin gari ya kama su. Injiniya ya tambaya ko suna sa kanwa a wake. Inna Rabi ta ce, "Ɗan nan, da me za mu dafa shi, da addu'a?" Ya ce kanwa tana cin dalma in ta kwana a ciki. Amma da ya juya tukunyar sai ya ga wani abu dabam. Bayan ya fi cikin lalacewa. Kanwa kuwa a ciki take zama. A cikin wata tukunyar kuma akwai zobe na ramuka, zagaye tsaf kamar an zana da kwano. Ya tambaya ina suke ajiye tukwane. Duk suka ce a madafa. Ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Ban gamsu ba. Na ce mu wuce Tsaskiya a ƙasar Safana, inda dillalin ya kai tukwane na zubi ɗaya da waɗannan. Muka sauka gidan wani malamin Islamiyya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Na daɗe ban ci irinsa ba. Da safe matan gidan suka turo tukwanensu zaure. Sun yi baƙi da hayaƙi, cikinsu ya dushe da kanwa, amma ko huji ɗaya babu. Ƙarfe ɗaya, hannu ɗaya, kanwa ɗaya.

Mahaifiyar malam ce ta warware mana, tana daga bayan ƙofa. Ta ce, "Ku maza ba ku san komai ba. Mu nan bana ba mu gudu ba. Su can Wagini duk sanda aka ce ga ɓarayin daji nan, binne kaya suke yi kafin su fita."

Na ji kamar an mare ni. Mu ma a Ruma mun binne. Kuma na san dalilin da ya sa matan Wagini suka rufe baki. Ba macen da za ta gaya wa baƙon namiji inda take ɓoye kayanta, a ƙasar da ake tsoron mai kai rahoto daji fiye da mai bindiga.

Muka koma Wagini. Injiniya ya so ya yi bayani, na ce ya bar ni. Na durƙusa gaban Inna Rabi na ce, "Inna, ni mutumin Ruma ne. Na binne kayan aikina da hannuna, ban koma na tone ba har yau. Ba wurin nake so in sani ba. Ƙasar nake so in gani."

 Sai ta tambayi sunan mahaifina da unguwarmu. Na faɗa. Ta tashi ta ce mu biyo ta.

Juji ne a bayan gida, inda ake zubar da toka da kashin awaki. Nan suke binnewa, domin ɓarayin suna caka sanda a ƙasa mai laushi su nemi kaya, amma ba sa tona juji. Kuma don kada a tona rami da yawa, sai su cusa komai a cikin tukunya: kwanon tagulla na gado, ruwan fartanya, wuƙa. Injiniya ya ɗebi tokar a hannu, ga ta jiƙe sharkaf. Ya ce toka in ta sha ruwan sama ta fi kanwa kaifi, ita ke cin bayan tukunya. Tagulla kuma in ta jingina da dalma cikin danshi, dalmar ce ke narkewa a hankali, tagullar tana nan lafiya. Zoben da muka gani, gindin kwanon ne.

Ya ce su riƙa binnewa ƙarƙashin rumbu, inda ruwa ba ya kaiwa. Inna Rabi ta ce, "Rumbun da suke fara cinna wa wuta? Malam, kai dai ka san ƙarfe." Aka yi ta ja. A ƙarshe aka tsaya a kan juji dai, amma a busar da tukunya, a shafe ta da man gyaɗa, a ɗaure a leda, a kifa mata tsohuwar randa. Tagulla da baƙin ƙarfe kuma raminsu daban.

Na ce ta tara mini hujajjun, zan narka in sake zuba su da gindi mai kauri. Ta ce, "Ni na ɓata maka suna a kasuwa, ni zan gyara shi ranar kasuwa. Amma ba zan ce juji ba." Na ce ta faɗi abin da ta ga dama, in dai ba jabu ba ne.

Muka ɗaure buhun tukwane a bayan babur, yana ta ƙara har Batsari. Na biya ta shagon dillali na zazzage su a gabansa, na gaya masa abin da ya kamata ya sani kawai. Ya ce in aiko da sabon kaya.

Mun iso Katsina kafin magariba. Washegari na hura wuta.

Abin da na koyo kaɗan ne. A da ina zuba tukunya don murhu kawai. Mutanenmu yanzu rabin rayuwar tukunyarsu a ƙarƙashin ƙasa take. Har Allah ya kawo ranar da za su daina binnewa, irin wadda za ta jure ƙasa zan riƙa zuba musu.