Kore da Ja a Ɗakin Kawu Bala

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawu Bala da safe ya san ba za a amsa masa sallama nan take ba. Sai ya gama ɗora bayan hannunsa a jikin kwamfuta, kamar uwa mai duba zazzaɓin jariri, ya kasa kunne ya ji kukan fanka, sannan ya juyo ya ce, "Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau, kai fa?"

Ƙanen mahaifiyata ne. Zanen gine-gine ya yi a birni har ya yi ritaya, ya dawo ƙauyenmu kusa da Zakirai. Mun zaci noma zai kama, ashe da tasa ya zo.

Ni na raka shi Kano sayen katin hoto, wato ɓangaren nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Mai shago ya fito da biyu na hannu, ɗaya a koren kwali, ɗaya a ja.

"Wanne ya fi?" in ji Kawu.

"Baba, kowanne da nasa."

"Kana sayar da abu ba ka san wanda ya fi ba? Ba ni duka biyun, zan bincika maka."

Jama'a, mutumin da ke ɗinke silifa sau uku kafin ya yar! Raguna ya sayar saboda wannan magana.

Daga ranar suka samu suna, Kore da Ja. Kore giga takwas gare shi na wurin ajiya, fanka biyu, ba ya cin wuta, ga sauri wajen fitar da haske da inuwa. Ja kuwa giga goma sha shida, fanka uku, nauyinsa kamar bulo, in ya kama aiki ɗakin sai ya koma gidan burodi. Kawu zai soka Kore ya ba shi zane, ya cire, ya soka Ja ya ba shi wannan zanen dai, wai kada a zalunci kowa. Da ƙura ta cika musu fanka na ce ya sayi injin hura ƙura, ya harare ni, ya aika aka aro masa zugazugin maƙera.

Kafin a ankara gari ya rabu biyu. A teburin mai shayi akwai 'yan Kore, akwai 'yan Ja. Da kunnena na ji Ɗan'azumi mai amalanke, wanda ko wayarsa sai an danna masa, yana buga benci yana cewa, "Kai, giga takwas ɗin me? Ja namiji ne!"

Inna Rabi, matar Kawu, ita ce ba ta ga abin dariya ba. Sola ɗaya ce a gidan, ita ke riƙe firjin da take sanyaya zoɓon sayarwa. Da an kunna Ja sai batir ya fara kuka, firji ya yi shiru.

"Malam, ko zoɓona ko Jan nan naka!"

"Rabi, bincike nake."

"Binciken zai sa mana cefane?"

Bayan 'yan kwanaki na shiga na tarar da kwano a rufe a bayan kwamfuta, daidai inda iska mai zafi ke fita. Ƙullun waina ne. Ashe ta gano a nan ya fi saurin tashi.

"Ni dai na gama nawa binciken," in ji ta. "Kore ba ya tayar da ƙullu."

Abin da ba mu sani ba, duk wannan gwaji shiri ne. Kun tuna tsohon masallacinmu na ƙasa, wanda ruwa ya rusa tun muna yara aka maye shi da na siminti? Kawu ya yi ta bin dattawa yana tambaya: ina ƙofa take, ginshiƙi nawa, azara ta ina ta bi. Ya gina shi a kwamfuta, ya ƙara da gidajen kewaye, da rumbuna, da tsamiyar da aka sare. Garin yarintarsa ya tayar sukutum.

Wata Juma'a bayan an sauko ya tara dattawa a zaure. Ya fara da Kore. Hoto ya fito tar, aka ɗan taka cikin lungu, sai ya fara tsinkewa, can allo ya yi baƙi ƙirin. Garin ya fi ƙarfin ajiyarsa. 'Yan Ja suka kaure da shewa a waje.

Kawu ya kashe kwamfutar. Ya cire, ya soka Ja. Fankoki uku suka ɗauki gurnani, Inna Rabi da kanta ta je ta kashe firji. A hankali garin ya buɗe.

Muna tafe a lungun da babu shi yanzu. Malam Haruna, wanda ya fi kowa tsufa a garin, ya miƙa sandarsa wajen allo. "Tsaya, Bala. Ƙofar babanmu ce wannan. A dakalin nan yake yin igiya." Da hoton ya kai bakin masallaci, sai muka ga tsohon ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, alhali a zaure yake zaune. Babu wanda ya yi dariya. Sauran ma suka tuɓe. A ciki hasken hantsi ya ratso ta 'yar taga ya kwanta a sahun gaba, inda iyayensu ke tsayawa. Wasu suka ja bakin rawani suka rufe fuska.

Da aka watse na ce, "To Kawu, magana ta ƙare, Ja ya ci."

"Wa ya ce? Hasken tagar nan da ya sa su kuka, Kore ne ya yi shi, na adana. Da Ja na ba wa, da har yanzu muna jira."

"To wanne ya fi?"

"A wane aikin?"

Haka ya bar mu, har ya koma ga Mahaliccinsa a damina ta gaba, bayan gajeriyar jinya. Da na kunna kwamfutar daga baya, na tarar da aikin da bai ƙarasa ba: ɗaki ɗaya ne, da gadon kara da tulu a gefe. Mahaifiyata na gani ta ce, "Ɗakin innarmu ne," ta zauna a ƙasa.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da iyayen da ya yi ta kewa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.